Kebul da Konektan Eriyar Wi-Fi: Tambayoyi da Amsoshi

Mai son ƙara wa netwok ɗinsa nisa yakan ƙare tunaninsa da kuɗinsa a kan eriya da rawuta. Sai da zai fita daga shago ya ce, "Oga, ƙaro min waya mita 15 da kawuna biyu." Kawunan su ne konekta, ƙarafan bakin kebul da ake ɗaurawa a jikin eriya da na'ura. Galibi a wannan ciniki na ƙarshe aikin ke lalacewa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu haɗa Wi-Fi a gida da makaranta da shagon kafe, da masu ɗaura wa rawutar 4G eriyar waje, suka fi yawan yi.

Malam, ba waya waya ba ce? Me zai sa in damu da irin kebul ɗin da zan sa?

Yanka kebul ɗin eriya ka duba bakinsa. Za ka ga waya guda a tsakiya, farar roba ko kumfa ta kewaye ta, sai saƙar siraran wayoyi, sau da yawa da ledar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashinta, sannan baƙar riga a waje. Sigina tana bi ne tsakanin wayar tsakiya da saƙar, kuma duk taƙi ɗaya da ta matsa, wani abu na ƙarfinta yana komawa zafi ya salwanta. Tiyo ne mai yoyo: iya tsawonsa, iya ruwan da zai zube kafin a kai bakin shuka.

Ana auna wannan asara da desibel, ana rubuta dB. Ka riƙe lambobi uku, sun ishe ka. Asarar dB 3 na nufin rabin ƙarfin ya tafi. Asarar dB 6, kashi ɗaya cikin huɗu ne ya rage. Asarar dB 10 kuwa, kashi ɗaya cikin goma kaɗai ke isa.

Asarar tana ƙaruwa ne da hawan zango, wato girman lambar MHz ko GHz da siginar ke tafiya a kai. Kebul ɗin da zai ɗauki tashar FM mai kusan MHz 100 lafiya lau, a zangon Wi-Fi na GHz 2.4 ci zai yi sosai, a GHz 5 kuma ya fi haka. Sannan cin nasa gaba da baya ne: yana cin abin da kake aikawa, yana kuma cin 'yar siginar da eriya ta kamo maka daga nesa, wadda dama da ƙyar ta iso.

To wane kebul zan saya?

Da farko ya zama mai om 50 (om shi ne ma'aunin da ke nuna dacewar kebul da na'ura, ana rubuta shi a jikin rigar), domin a kan haka aka ƙera na'urorin Wi-Fi da na 4G da eriyoyinsu. Bayan nan sai maganar kauri da tsawo.

RG-58, mai kaurin kusan milimita 5, ana samunsa sosai a kasuwa kuma yana da araha. A GHz 2.4 yana cin kusan dB 1 a kowace mita. Ka sayi eriya mai dBi 9, wato mai ƙara wa sigina ribar dB 9, ka haɗa ta da mita 10 na RG-58, to kebul ya cinye duk ribar da eriyar ta kawo. An yi ba a yi ba ke nan. Ƙanensa RG-174, siriri ƙwarai, ya fi shi ci, bai kamata ya wuce taƙi ɗaya ko biyu ba.

Dangin LMR, na kamfanin Times Microwave Systems na Amurka, su ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. A wajajen GHz 2.4, LMR-195 yana cin kusan dB 0.6 a mita, LMR-240 kusan 0.4, LMR-400 kusan 0.22, LMR-600 kusan 0.15. A GHz 5.8 lissafin ya tashi: LMR-195 ya kusa dB 1 a mita, LMR-240 kusan 0.67, LMR-400 kusan 0.36. Akwai na wasu kamfanoni masu ɗauke da lambobi iri ɗaya, irin su CFD-400 da HDF-400, kuma in na kirki ne ba su da nisa da na asalin.

Ni ma'aunina shi ne kada asarar kebul da kawuna gaba ɗaya ta wuce dB 3. Da wannan ma'auni, a GHz 2.4 RG-58 ya tsaya a mita 3, LMR-240 a wajen mita 6, LMR-400 a wajen mita 12. A GHz 5.8 ko LMR-400, mai kaurin santimita guda, bai kamata ya zarce mita 8 ba. Kuma ka auna hanyar da kebul zai bi kafin ka saya. Duk ragowar da ka naɗe ka rataye a bango, ana cire maka kuɗinta daga sigina.

Eriyata za ta hau sanda mita 25, rawuta kuma tana ofis. Ya zan yi?

Kada ka ja kebul ɗin eriya wannan nisa. Mita 25 na LMR-400 a GHz 5.8 asarar kusan dB 9 ce, wato kashi ɗaya cikin takwas ne zai kai sama, bayan ka kashe maƙudan kuɗi a kebul mai nauyi da wuyar lanƙwasawa.

Abin yi shi ne ka ɗauki na'urar da ke watsa siginar, wadda masu aikin ke kira rediyo, ka kai ta can sama gindin eriya, sannan ka sauko da kebul ɗin Ethernet, wato wayar netwok da ake haɗa kwamfuta da rawuta da ita. Cat5e ko Cat6 yana kai bayanai har mita 100 ba tare da gudun intanet ya ragu ba, kuma ta cikinsa wuta za ta hau zuwa rediyon, abin da ake kira PoE. In da shawara ɗaya za ka ɗauka daga wannan shafi, wannan ce: gajarta kebul ɗin eriya iya ƙoƙarinka, ka bar tsawon ga Ethernet.

Shi ya sa na'urorin waje na yanzu suka zo da rediyo da eriya a jiki ɗaya. NanoStation da LiteBeam na Ubiquiti, SXT da LHG na MikroTik, CPE210 da CPE510 na TP-Link, duk ba ruwanka da konektan eriya a cikinsu. Wasu kuma, irin Bullet na Ubiquiti da Groove na MikroTik, kan N, babban konektan eriyar waje, ne a jikinsu, ana murɗa su kai tsaye a gindin eriya ba ko taƙi ɗaya na kebul. Haka ma a 4G akwai rawutocin waje da ake sa musu layin SIM a can sama.

Abu biyu za ka kiyaye a nan. Kebul ɗin Ethernet ya zama na waje, mai baƙar riga da ke jure rana, kuma cikinsa jan ƙarfe zalla. Akwai mai arha wanda alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe, in ka kankare wayar da wuƙa sai ka ga fari. Wannan yana rage wutar da ke isa sama, sai rediyo ya riƙa mutuwa yana tashi. Na biyu, PoE iri-iri ne. Yawancin ƙananan na'urorin waje bolt 24 suke ci, alhali ma'aunin PoE na gama-gari, 802.3af da 802.3at, yana aiki ne da kusan bolt 48. In ka ɗura wa mai 24 wutar 48 daga adaftar da ba ta tambaya kafin ta saki wuta, ƙonewa zai yi. Yi amfani da adaftar da ta zo a kwalinsa.

Ina da ragowar wayar dish a gida. Ba za ta yi ba?

Wayar dish, wato RG-6, mai om 75 ce, kuma kan F ake sa mata. Mutane da yawa za su ce maka sam ba ta aiki. Gaskiyar ba ta kai nan ba. Rashin daidaiton 75 da 50 yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 ne na ƙarfin a wurin haɗuwa, asarar da ba ta kai dB 0.2 ba. RG-6 mai kyau ma ya fi RG-58 ƙarancin ci a GHz 2.4. Akwai na'urorin ƙara siginar wayar salula da aka ƙera su da om 75 da kan F tun daga kamfani.

Matsalar tana wani wuri. An yi wayar dish ne don siginar da ke saukowa daga kan dish, tsakanin MHz 950 zuwa 2150, kuma mafi yawanta ba a gwada ta sama da GHz 3 ba, saboda haka a GHz 5 kana tafiya ne cikin duhu. Mai arhar da ta cika kasuwa saƙarta 'yar kaɗan ce, har kana hango ledar ciki ta tsakanin wayoyin. Ga kuma adafta daga F zuwa SMA, ƙaramin kan da ke bayan rawuta, a wannan baki, wata daga F zuwa N a wancan, kowacce da tata asarar da tata ƙofar shigar ruwa. In gwaji kake na 'yan mitoci a 4G ko GHz 2.4, gwada abinka. In aikin mutane ne da za a biya ka, sa mai om 50.

Na sayo eriya, ta ɗauru daidai a bayan rawuta, amma sigina sai ma raguwa ta yi. Me ya faru?

Cire ta ka leƙa cikin kawunan biyu da fitilar waya. Zai yi wuya ba rami ka haɗa da rami ba.

SMA da RP-SMA girmansu ɗaya, haƙoran ɗaurinsu ɗaya, faɗinsu bai fi milimita 6 da ɗoriya ba. Bambancin yana tsakiya. A SMA na asali, namiji shi ne mai noti da ke juyawa, haƙoransa a ciki, da tsinke a tsakiya. Tamace kuwa haƙoranta a waje, da rami a tsakiya. A RP-SMA an musanya cikin ne kawai: mai noti shi ke da rami, mai haƙora a waje ita ke da tsinke. Duk da haka mai notin ake kira namiji, domin da jikin ake raɗa sunan ba da tsinken ba. Nan ne mai saye da mai sayarwa suke ruɗewa tare.

Rawutocin Wi-Fi na gida da katunan Wi-Fi na USB masu eriyar cirewa, RP-SMA suke da shi, za ka ga tsinke ya leƙo daga jikin na'urar. Rawutocin 4G kuwa, irin B315 da B525 na Huawei, SMA na asali ne a bayansu, rami za ka gani. In ka ɗauki eriyar Wi-Fi ka murɗa a rawutar 4G, za ta shiga sumul har ta ɗaure, alhali cikin bai taɓa juna ba. In kuma akasin haka ka yi, tsinke zai tokari tsinke, kana ƙara murɗawa ɗaya ya lanƙwashe ko ya nutse.

Kafin ka tafi kasuwa, ɗauki hoton kan da ke jikin na'urarka daga kusa, yadda tsakiyar za ta fito. In da hali ma tafi da na'urar. Tambaya biyu za ka yi wa kowane kai: haƙoransa a ciki suke ko a waje, tsakiyarsa tsinke ne ko rami.

Me ya kawo wannan juye-juyen tun farko?

Dokar Amurka ce. Hukumar sadarwarsu, FCC, a sashe na 15.203 na ƙa'idojinta, ta buƙaci na'urorin da ake amfani da su ba lasisi su zo da eriyar da ba a cirewa, ko kuma da kai na daban wanda mai saye ba zai samu ya ɗaura babbar eriya cikin sauƙi ba. Sai kamfanoni suka juya cikin kawunan da ake da su. Da yake kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka su ke yawo duniya, RP-SMA da RP-TNC suka zama ruwan dare. Tsohuwar Linksys WRT54G da na'urorin Cisco da dama RP-TNC ne a jikinsu.

Wane kai ya fi dacewa da waje?

Kan N. Paul Neill na Bell Labs ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1940, kuma har yau shi ne a gindin yawancin manyan eriyoyin waje. Ƙato ne, yana karɓar kebul mai kauri irin LMR-400, yana da robar tare ruwa a ciki, kuma yana aiki har GHz 11, ya wuce zangon GHz 2.4 da 5 na Wi-Fi nesa. Galibi tamace ce a jikin eriya, saboda haka namiji za ka sa a kebul. Ka lura akwai N mai om 75, wanda tsinkensa ya fi siranta. In ka cusa namiji mai 50 cikin tamace mai 75 zai buɗa ta ya lalata.

TNC matsakaici ne, shi ma yana da kyau. BNC, mai turawa a murɗa kaɗan, na kayan awo ne da kyamarorin tsaro, kuma na kyamara om 75 ne. PL-259 da masu rediyon oba-oba ke amfani da shi kuwa, ka bar shi inda ka gan shi, domin zangon da yake aiki a kai bai wuce 'yan ɗaruruwan MHz ba.

Ƙananan nan na cikin kwamfuta da na MiFi fa?

A katin Wi-Fi na cikin laftof za ka ga 'yan mitsi-mitsin maɓallai masu ruwan zinariya. A tsofaffin katuna na mini PCIe, U.FL ne, na kamfanin Hirose na Japan. A sababbin katuna na M.2 kuwa MHF4 ne na I-PEX, wanda ya fi ƙanƙanta, kuma ɗaya ba ya hawa gurbin ɗaya. U.FL kusan sau 30 kawai aka ƙera shi ya jure cirewa da mayarwa. Daidaita shi a kai, danna shi tsaye har ka ji ƙas, in za ka cire kuma ɗaga kan ƙarfen, kada ka ja waya. Wasu katunan MikroTik MMCX suke da shi, wanda ya fi waɗannan ƙwari.

Modem na USB da MiFi masu ƙofar eriya, TS9 ne ko CRC9. Da ido kusan ɗaya suke, TS9 ya ɗan fi faɗi. Nemi lambar modem ɗinka ka tabbatar kafin ka saya.

In na sayi kan da bai dace ba, zan iya gyara kuskuren da adafta?

Guda ɗaya mai kyau ba laifi, asararta ba ta kai rabin dB ba. Jera uku ko huɗu ne matsala: nauyinsu yana karya kan na'ura, kuma kowace gaɓa wurin sassautawa ce. Ya fi ka sayi gajeren kebul mai kawunan da kake buƙata a bakunansa biyu.

LMR-400 ya yi kauri, ya ƙi zama a bayan rawuta.

Dama ba a kai shi har can. Kan SMA na rawuta da dalma aka liƙa shi a allon ciki, nauyin kebul mai kauri zai ɓalle shi. Ana tsayar da babban kebul ne da kan N, a ɗaure shi a bango, sannan a haɗa da 'yar gajeriyar waya mai laushi ta santimita 20 zuwa 50, wadda a shago ake kira figtel, N a baki ɗaya, SMA ko RP-SMA a ɗayan.

Wajen lanƙwasa ma a bi a hankali. Takardar LMR-400 ta yarda da lanƙwasa mai zurfin inci 1 in sau ɗaya ne, amma ka ba shi inci 4 ya sake. In ya karye ya yi gwiwa, wayar tsakiya ta matse kumfar ta kusanci saƙa, kuma ko ka miƙe shi ba zai koma yadda yake ba. Kada ka buga masa ƙusa ta danne shi, kada kuma ka ja abin ɗauri har ya shiga jikinsa.

In ɗaura kan da kaina, ko in sayi haɗaɗɗe?

In kebul ɗaya ko biyu kake buƙata, sayi wanda aka riga aka ɗaura. In sana'arka ce, sayi kayan aikin ka koya sosai.

Kowane kai da kebul ɗinsa. N na RG-58 ba ya hawa LMR-400, ko da yake fuskarsu ɗaya. Filayar matsewa ma bakinta ya dace da girman zoben, kuma filayar kanikanci ba ta maye gurbinta, domin tana baje zoben ne maimakon ta matse shi ta kowane gefe. Fere rigar daidai tsawon da takardar kan ta faɗa. Kada wuƙa ta ji wa wayar tsakiya, domin a wannan zango sigina a fatar waya take gudu, ba a cikinta ba. Bayan ka baza saƙar, duba da kyau: silin waya ɗaya tak in ya taɓa tsinke, ya kashe aikin. In da dalma za ka liƙa tsinken, yi sauri, saboda kumfar ciki tana narkewa da zafi. Da ka gama, tsinken N ya tsaya kusan daidai da bakin zoben ciki, bai leƙo waje ba bai kuma nutse ba.

Wajen ɗaura SMA, notin kaɗai ake juyawa, jikin da kebul suna tsaye. Ƙarfin yatsu da ɗan ƙari kaɗan ya isa.

Yana aiki lafiya da rani, damina na sauka sai ya fara rauni. Mene ne?

Ruwa ya shiga, kusan ko yaushe ta konekta. Robar cikin kan N ba ta isa ita kaɗai ba. Rana ta gasa ƙarfen, dare ya sanyaya shi, iskar ciki tana fita tana shiga tana jawo laima. Da ruwa ya samu saƙar, sai ya bi ta yana gangarawa. In ka fere irin wannan kebul za ka tarar saƙar ta yi baƙi ko kore, ledar ta yi farin gari. Shanya shi ba ya gyara shi. Sai dai ka yanke har inda saƙar ke ƙyalli ka sa sabon kai, in kuma ruwan ya yi nisa ka sauya kebul ɗin ɗungurungum.

Naɗin kirki hawa uku ne. Fara da baƙin tef na masu wuta, don ranar da za ka kwance ka samu kan a tsabtace. Bi shi da tef ɗin roba mai narkewa cikin kansa, kana ja kana naɗawa, kowane zagaye ya hau rabin na baya, daga kan rigar kebul har gindin eriya. Sannan rufe da baƙin tef hawa biyu, domin rana tana cin robar in an bar ta a fili. Hawan ƙarshe ya tashi daga ƙasa zuwa sama don ruwa ya zame ta kan gaɓoɓin, kuma kada ka ja bakin ƙarshen, in ba haka ba zafi zai kwance shi.

Kafin kebul ya shiga bango ko akwati, bar shi ya ɗan sauka ƙasa da ramin sannan ya hau, yadda ruwan da ya biyo shi zai ɗiga a waje. Guji silikon mai warin tsami, yana sa jan ƙarfe tsatsa. Farin kebul na cikin ɗaki kuwa, zafin rana irin na Sakkwato ko Agadas ba ya barin rigarsa ta daɗe kafin ta tsattsage. Lokacin duba naɗi shi ne bazara, kafin ruwan farko, kuma don Allah duk mai hawa sanda ya fara duba inda wayoyin wutar lantarki suka bi.

Tsawa fa? Dole ne in sa abin kariya?

In eriya tana waje a sama, eh. Ana sa shi a kan layin kebul, galibi mai kan N gaba da baya, kusa da inda kebul zai shiga gini. Duba zangon da aka rubuta a jikinsa, domin wasu a GHz 3 suka tsaya, ba za su yi wa GHz 5 ba. Kuma ba ya tsinana komai sai an haɗa shi da ƙasa: waya mai kauri, gajeriya, miƙaƙƙiya, zuwa sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe da aka kafa. A busasshen yashi sandar sai ta yi zurfi ta samu damshi kafin ta yi amfani. Ita ma sandar eriyar a haɗa ta da wannan ƙasa ɗin.

Babu ƙaramar na'urar da za ta tare aradun da ta faɗo kai tsaye. Abin da take tarewa shi ne wutar da tsawar kusa ke cusawa cikin waya, kuma ita ce ta fi yawan ƙona kaya. Busasshiyar iskar hunturu mai ƙura ma tana tara wuta a jikin eriya. In rediyon yana sama ne, kariyar ta koma kan Ethernet: kebul mai rufin ƙarfe a ciki, da abin kariya na Ethernet a ƙasa.

Ta yaya zan gane jabun kebul?

Araha ba ta ado. Karanta rubutun jikin rigar, na kirki yana ɗauke da sunan kamfani da lamba da om. Roƙi mai shago ya fere maka ɗan baki. Saƙar ta kasance mai yawa, ta rufe ledar ruf, ledar kuma a manne da kumfar, wayar tsakiya a tsakiya sosai ba ta karkace gefe ba. Kada ka ƙi LMR-400 don ka ga fari a cikin wayar tsakiyarsa. Haka aka ƙera na asalin, alminiyam mai rufin jan ƙarfe, kuma tunda a fata sigina ke gudu babu asara a hakan. A Ethernet mai ɗaukar wuta ne wannan ya zama aibi.

Na'urata ƙofar eriya biyu gare ta. Ɗaya ba ta isa ba?

Haɗa duka biyun. Tun daga Wi-Fi samfurin 802.11n, haka ma 4G, ana aika bayanai ta hanyoyi biyu a lokaci guda, kuma in ka bar ɗaya gudun zai iya faɗuwa kusan rabi. Kebul biyun su zama iri ɗaya, tsawo ɗaya. Kada ka kunna rediyo mai ƙarfi alhali ƙofarsa ba eriya, domin ƙarfin da ya rasa mafita yana komawa ciki ya lalata shi.

In ƙara ƙarfin watsawa ko in sa amfilifaya, ba zai rufe asarar kebul ba?

Rabin matsalar kawai ya taɓa. Wayar hannu ko laftof da ke can nesa za ta ji ka da ƙarfi, har ta nuna sanduna cike, amma amsarta da ɗan ƙaramin ƙarfinta za ta dawo, ta bi ta cikin wannan kebul ɗin ta narke. Shi ne za ka ga sigina cike amma shafi ya ƙi buɗewa. Ga kuma damun maƙwabta da ke zango ɗaya da kai, sannan hukumomin sadarwa, NCC a Najeriya da ARCEP a Nijar, suna da iyaka kan ƙarfin da aka yarda a watsa. Kuɗin amfilifaya gara a sa shi a matso da rediyo kusa da eriya.

Ina zargin kebul ɗina. Yaya zan gwada shi ba tare da manyan kayan awo ba?

Cire shi daga eriya da rediyo duka, sannan ka ɗauko multimita. Tsinken wannan baki da na wancan su nuna a haɗe suke. Jikin ƙarfen wannan da na wancan ma haka. Tsinke da jiki kuwa kada su nuna haɗuwa ko kaɗan. Girgiza kebul ɗin kusa da kai kana kallon awon, domin wani lahanin sai an motsa yake bayyana. Dalilin cire eriya shi ne akwai eriyoyin da aka ƙera cikinsu a haɗe da jiki, sai ka zaci matsala ce alhali lafiyarsu ƙalau.

Sai dai multimita ba ta ganin ruwa, ba ta ganin gwiwa, ba ta auna asara. Don wannan, shiga shafin saitin na'urar ka karanta ƙarfin sigina da dBm. Lambar tana da alamar ragi a gabanta: -60 ya fi -75 ƙarfi nesa ba kusa ba. Haɗa rediyo da eriya da ɗan gajeren figtel da ka yarda da shi, rubuta lambar. Mayar da dogon kebul ba tare da ka motsa eriyar ba, sake karantawa. Bambancin shi ne abin da kebul ɗinka ke ci. In lissafi ya ce dB 3 amma ka ga 10, fara da sauya kawunan, na waje tukuna, in bai gyaru ba sai ka sauke kebul ɗin.